Karkataccen Bangon Silima

Zuwa ga Jikalle,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya kakarki, ƙanwata? Ki ce mata ina nan da raina, ta daina aiko mini da maganin ƙafa, ƙafar ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Mu nan lafiya lau, sai kunne da ya ƙara nauyi. Shi ya sa ba na kiranki a waya. Ni in yi ta ihu, ke ki yi ta ihu, a tashi ba wanda ya ji wani.

Na san rabona da ke tun kanki bai wuce tebur ba. To ni ne dai, yayan kakarki mai haska fim. Ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. Wannan rubutun na Tela ne, wanda shagonsa ke jingine da bayan tsohon gidan silimar da na yi wa aiki shekara talatin da huɗu. Ni ke faɗa, shi ke rubutawa. In kin ga wata kalma ta gurɗe, hannunsa ne, ba bakina ba.

Ga abin da ya sa na nemo ki. Silimar nan shekararta goma sha tara a rufe. Tattabaru sun gaje bene, kujerun ƙasa kuwa rabinsu sun koma tsakar gidajen mutane. Bana sai mutanen gari suka kafa kwamiti za su tayar da ita. Na yi murna ƙwarai. Kullum da safe ina can, ba wanda ya ɗauke ni aiki, ba kuma wanda ya isa ya kore ni. Na ce musu akwai taurari a rufin zauren shiga, shuɗi da ruwan zinariya, a ƙarƙashin wannan koren fenti. Suka yi dariya. Da suka kankare, ga taurari nan reras, ɗari da goma sha biyu. Na ce akwai ƙofa a bayan ɗakin sayar da tikiti, suka fasa yaɓe, ga ƙofa har da sakatarta. Tun daga ranar suka rage dariya.

Sai aka kawo wani Injiniya. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni, amma in ya kafe ya fi ni. Ki sani mu silimarmu ba ta da allon ƙyalle. Bangon ƙarshen ɗakin ne da kansa aka goge shi sumul, aka shafa masa fari, aka zagaye shi da baƙin fenti. A kansa na haska duk fim ɗin da garin nan ya taɓa kalla. Injiniya ya hau har can sama, ya saki igiya mai dunƙulen ƙarfe, ya sauko fuska ba walwala. Wai kan bangon ya kwanta baya da taƙi uku. Wai ya gaji, faɗuwa zai yi. Da an gama rufin kwano, nan da sati bakwai, za su rushe shi su gina miƙaƙƙe.

Na ce masa, "Ɗana, haka aka haife shi. Da gangan aka kwantar da shi."

Ya ce, "Baba, wane magini ne zai karkatar da bango da gangan? Kana da takarda?"

Na ce takardata tana cikin kaina. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya ce kwamiti ba zai iya karanta wannan ba.

Kakarki ta taɓa gaya mini kina aiki a ofishin da ake ajiye zanen tsofaffin gine-gine. To ki duba mini. Ki nemo zanen silimar nan, ki ga inda aka rubuta a kwantar da bango, ki aiko mini in kai masa in ajiye a gabansa ban ce komai ba. Direban da ya kawo miki wannan, shi zai kawo amsa.

Tela ya ce hannunsa ya gaji, kuma yana da wando uku da bai haɗa ba. Ki gaida kowa.

Naki,
Kaka mai haska fim

*

Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa da ladabi. Mun ga wasiƙarka, gida duk an yi murna. Kakata ta sa na karanta mata sau biyu, ta ce in gaya maka taurin kan nan dai bai tsufa ba, kuma maganin ƙafa yana hanya ko ka so ko ka ƙi. Muna lafiya. A gaida mini Tela, rubutunsa ya fi na wasu da muke aiki tare.

Kwana huɗu na yi ina neman zanen a ɗakin ƙasa. A ƙarshe na same shi a wata durowa, an naɗe shi tare da zanen wata mayanka. Kaka, ashe haka gidan nan yake! Takarda tara ce, duk sun yi ja, gefensu na marmashewa. Na ga taurarin, na ƙirga, ɗari da goma sha biyu cif. Na ga ƙofar bayan ɗakin tikiti. Na ga matakalar bene mai lanƙwasa biyu. Har abokan aikina suka taru suna kallo.

Amma ba zan ɓoye maka ba, bangon majigin a miƙe aka zana shi, sak daga ƙasa har sama. Na juya takardun gaba da baya ko akwai wani rubutu da fensir, babu. Ban so haka ba.

Ina da tambayoyi, kada ka gaji da ni. Kana nan aka gina shi? Wa ya gaya maka da gangan ne? Kakata ta ce ka taɓa yin aiki a wata silimar ta wani gari, ko bangon can kake tunawa? Sannan wani abu ya ɗaure mini kai: ɗakin injin da kake zama, me ya sa aka kai shi can ƙololuwa, dab da rufi? A sauran zanen silimomin da na buɗe don in gwada, bai kai haka tsawo ba.

Jikarka

*

Jikalle,

Lafiya muke. Gaisuwar ke nan, yau ba ta da tsawo.

Wato na rikice ke nan? Na zauna shekara talatin da huɗu ina leƙen bango ɗaya ta 'yar taga, amma yau na kasa bambanta shi da na wani gari? Tela ya ce ba haka kike nufi ba. Na ce masa ya rubuta abin da na faɗa, ba a ɗauke shi alƙalanci ba.

To bari in amsa miki. Ba na nan aka gina shi, shekararsa goma sha ɗaya na zo. Ba kuma wanda ya gaya mini. Aiki ne ya gaya mini.

Ɗakin inji ya yi sama ne saboda maigidan farko ya so bene mai layin kujeru da yawa, sai aka yi ta tura mu baya ana ɗaga mu har kanmu ya kusa taɓa kwano. To in inji yana sama, haskensa gangarowa yake yi a karkace. Ke in wani yana yi miki magana daga bene, ba ɗaga fuska kike yi ba? Haka bangon ya ɗaga fuska, don ya tari hasken gaba da gaba.

Waccan silimar da kakarki ta faɗa, arona aka yi wata uku da mai haskawarsu ya karye a hannu. Su ma ɗakin injinsu a sama yake, amma bangonsu a miƙe, irin wanda Injiniya ke so. Ranar farko da na kunna, na ɗauka an ba ni lalataccen fim. Hoton ƙasansa ya baje, samansa ya tsuke. Jarumi kai kamar lemo, takalmi kamar kwale-kwale. In na saita fuska ta fito tar, ƙafa ta yi hazo. In na saita ƙafa, fuska ta tafi. Mutanen garin sun saba, su a wurinsu haka 'yan fim suke. Da na dawo gida na kunna namu, hoto ya zauna daram kusurwa huɗu, na tsaya ina kallon bangon nan kamar yau na fara ganinsa. Ranar na gane.

Wanda ya yi wannan dabarar ban san shi ba, ban san sunansa ba, amma mutum ne. Ba zan tsaya ina kallo a rushe masa hankalinsa ba don wani ya manta bai rubuta ba.

Kaka

*

Jikalle,

Sati biyu da kwana uku ke nan direba na zuwa hannu wofi. An gama rabin rufi. Jiya an sauke bulo a bakin ƙofa, na san na mene ne. In fushi kika yi da tsoho, ki yi fushin a takarda in ji. In kuma kin bar ni da Injiniya ne, ki faɗa in san inda na tsaya.

Kaka

*

Zuwa ga Kaka,

Ka yi mini afuwa. Wallahi ba fushi ba ne, an tura mu kwas ne wani gari, jiya na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a kan tebur. Kowa lafiya. Kuma ban ce ka rikice ba. Wa ya isa? Tambaya ce irin ta aikinmu, ko shugaban ofishinmu ne ya kawo labari sai mun yi masa ita.

Kaka, ka hana ni cin abinci! Ina gama karantawa na rufe tagogin ɗaki, na hau kujera da tocila, na sa maigidana ya riƙe murfin kwali a can gefe. Da ya riƙe shi a miƙe, hasken ya baje a ƙasa ya tsuke a sama. Da ya ɗan kwantar da shi baya, sai ya daidaita. Ya ce hannunsa ya sage, na ce ya yi haƙuri, binciken kakana ne. Maganarka gaskiya ce, kuma ban taɓa ganin an rubuta ta a zane ko ɗaya ba.

Sai dai wannan ya nuna dalilin da zai sa a kwantar da bango ne, bai nuna an kwantar da naka ba. Ga yadda za mu sani. Injiniya fuskar bangon ya auna, ta cikin ɗaki. Ku auna bayansa. In da gangan aka yi, magini zai yi gindin da kauri, ya riƙa rage shi yana hawa, sai fuska ta kwanta amma baya ya tsaya a miƙe. In kuwa gajiya ce, gaba da baya tare za su kwanta.

Tunda shagon Tela a jikinsa yake, ku ɗaga kwano ɗaya, a ɗaura zare a can saman bango, a rataya masa abu mai nauyi, a sako shi har cikin shago. In zaren ya bi jikin bango har ƙasa, ka ci nasara, ni da kaina zan rubuta wa kwamiti da hatimin ofishinmu. In ya rabu da bango, ku auna tazarar ku gaya mini.

Kada kai ka hau tsani. Na san ka ji, na kuma san za ka yi kamar ba ka ji ba.

Jikarka

*

Zuwa ga Jikalle, 'yar albarka,

Gaisuwa mai tarin yawa. Na janye fushina, dama ba mai nauyi ba ne. Ki gaida maigidanki mai riƙe kwali, Allah ya ƙara masa ƙarfin hannu. Maganin ƙafa ya iso, na ba mai gadi.

Mun yi yadda kika ce, ranar da ma'aikata ke hutu. Ban hau tsani ba, ba don kin hana ba, don Tela ya riga ni ne. Ya hau yana salati yana cewa shi ɗinki ya koya ba hawan bango ba. Muka yi amfani da zaren da yake ɗinkin labule da shi, muka rataya masa babban almakashinsa. Ya buga ƙusa a sama ya ɗaura, ya sako ta inda muka ɗaga kwano. Ni ina ƙasa cikin shago ina jira.

Zare ya bi bango. Almakashi ya taɓa shi. Bayan bangon a miƙe yake.

To sai ki rubuta wa kwamiti, ki buga hatimin da kyau ya fito. Saura kwana goma sha shida.

Naki,
Kaka

Ƙarin bayani daga Tela: Ranki ya daɗe, wannan ni ne, bai san na ƙara ba, ya ɗauka adireshi nake gyarawa. Da na sauko daga tsani na tarar ya turo teburin guga ya danne almakashin da bango, ya zauna a kan teburin yana fifita da hula. Da ya tafi sallah na janye tebur. Almakashi ya yi lilo ya tsaya a sarari. Na sa tef na auna, inci tara tsakaninsa da bango, taƙi guda ke nan a lissafinsa. Shekara ashirin da biyu muna tare, bai taɓa yi mini ƙaryar ko allura ba, shi ya sa na rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa. Amma ni ke zama a ƙarƙashin abin nan daga safe har yamma. Don Allah kada ki ce na faɗa.

*

Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa. Duk muna lafiya, na ga saƙo.

Na rubuta takardar kwamiti, tana nan a kan teburina, hatimi kaɗai ya rage. Ga abin da ta ce: bayan bango a miƙe yake, ba abin tsoro, masu shagunan da ke jikinsa su ci gaba da zamansu. In na buga hatimi, Injiniya ba zai sake hawa ba, ba kuma wanda zai sake dubawa sai bayan shekaru.

Ni ban ga zaren ba, kai ka gani. Kai ka san inda kujerar Tela take, ka san inda masu kawo ɗinki ke tsayawa. Ka aiko mini da kalma ɗaya. In ka ce in buga, zan buga.

Jikarka

*

Jikalle,

Kada ki buga.

Muna lafiya, in ban da kunya. Tela ya karanta mini wasiƙarki, na ce ya sake, ya ce sau ɗaya ta isa, ya koma kan kekensa. Na zauna ina kallon ƙeyarsa. Sai ga wata mata ta kawo yadi, mai tsohon ciki, ta gaji da tsayuwa ta jingina da bangon nan. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Na ce, "Tashi daga nan!" Baiwar Allah ta firgita ta yar da yadin. Tela ya tsayar da keke, ya juyo ya ce, "Baba, me bangon ya yi? Ba a miƙe yake ba?"

Taƙi guda ne, Jikalle. Zaren bai taɓa ba.

Tunda na fara, bari in ƙarasa, akwai wadda ta fi wannan. Baƙin fentin da ya zagaye farin bangon, aikinsa ya tare bakin hoto daidai, kada haske ya zuba a waje. Shekara ashirin na farko hotona na zama a cikinsa kamar an yanka masa. Sai wata shekara, bayan an gina shagunan baya, na ga kusurwoyin sama biyu sun ɗan haura baƙin. Kaɗan ne, kamar yatsa ɗaya. Ba wanda ya lura sai ni. Na duba inji, yana nan daram, da kusoshi aka kafe shi a siminti. Na duba gilashi, lafiyarsa lau. Na ce ko ni ne na yi wani kuskure, kuma manaja mutum ne mai saurin sallama. Sai na sayi fenti da kuɗina, na zo da sassafe, na matsar da baƙin ya sake tare hoton. Bayan shekara biyar na sake. Shekarar da za a rufe na sake. Sau uku.

Bango yana matsawa baya, hoto yana ƙara faɗi a sama, ni kuma ina bin sa da buroshi ina rufa masa asiri. Ban taɓa haɗa abin a kaina ba. Ko in ce na haɗa, na ƙi dubawa.

Da safen nan na je na sami Injiniya. Na gaya masa duka, har da teburin guga. Bai yi wannan murmushin ba. Ya ɗauko wuƙar kankara, muka hau katako tare, ya riƙe ni kamar ƙwai, ya kankare kusurwar sama a hankali. Ga layuka nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya, na asali da nawa uku. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Baba, ai ga takardar nan da nake tambayarka."

Ya yarda taƙi biyu na magini ne, ɗaya na gajiya. Ya ce saura abu guda: ko bangon ya tsaya, ko har yanzu tafiya yake. In ya tsaya tun shekara goma sha tara, za a iya tokare shi ta baya a bar shi. Injin yana nan inda yake, nauyinsa ya fi ƙarfin ɓarayi. Gilashinsa da ɗan farantin da ke yanka haske kuwa suna gidana cikin safa, tun ranar da aka rufe. Gobe bayan magariba zai sa fitila mai ƙarfi a ciki, ni zan saita. In haske ya tsaya a layina na ƙarshe, bango ya tsira.

Ki yi mana addu'a. Tela ya kwashe kekensa ya koma rumfar da ke tsallaken titi, ya ce shi addu'arsa daga can za ta fi tashi.

Kaka

*

Zuwa ga Jikalle,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Na yi shiru sati uku, wannan karon laifina ne. Wasiƙunki biyu sun iso, ban sami bakin amsawa ba sai yau. Lafiyata ƙalau.

Hasken ya haura. Na saita, na sake saitawa, na goge gilashi da gefen rigata, na sake. Yatsa uku ya wuce layina na ƙarshe, hagu da dama. 'Yan kwamiti suna ƙasa suna tafi, su murnar ganin haske a bangon kawai suke yi bayan shekara goma sha tara. Injiniya yana tsaye kusa da ni a ɗakin inji, ya gani. Jira yake. Na ce masa, "Ku sauke shi." Gara ta fito daga bakina.

Da aka tona gindinsa ta baya, ƙasar ta jiƙe sharkaf har kamu biyu. Ruwan indararon shagunan ne ke zuba a wurin shekara da shekaru. Na ce wa Tela ashe shi ne mai laifin. Ya ce shi haya ya kama, ba shi ya kafa indararo ba, kuma in ana neman mai laifi a tambayi mai buroshi. Na ce ya rubuta wannan ma, don ki ga irin abin da nake haƙuri da shi.

Ranar rushewa na je. Da suka ɗaga guduma na juya baya. Kurumtata ta yi mini rana, ban ji komai ba sai ƙasa da ta ɗan motsa a tafin ƙafata. Can sai wani lebura ya taɓa ni a kafaɗa, wai Injiniya na kira.

Jikalle, ashe bango biyu ne! A ciki akwai na asali, jan bulo, har da farin fentinsa, irin wanda aka zana a takardarki. A gabansa aka sake ɗora wani, mai kauri a gindi, siriri a sama. Kin ga sun gina miƙaƙƙe yadda aka zana, sun kunna inji, sun ga kai kamar lemo, sai wani mai hankali ya ce a kawo bulo. Farin na cikin ko datti bai yi ba, ina jin ko sati ba a yi ana kallo a kansa ba. Na shafa shi da hannuna kafin su ci gaba. Wa ya ba da shawarar? Maginin ne, ko mai haskawar farko? In akwai wata durowa da ba ki buɗe ba, ki buɗe.

Yanzu sabon bangon ya kai ƙirjina. Birkilan sai mita yake yi, wai shekara talatin yana gini ba a taɓa sa shi ya karkata da gangan ba, in abokan sana'arsa suka gani me zai ce musu. Kowane layi yana ja da baya kaɗan, ni kuma ina zaune a kan bulo ina duba igiyarsa. Taƙi biyu za a yi, ba ƙari ba ragi.

Injiniya ya yi sabon zane. Ya zana karkatar, ya rubuta dalilinta a gefe da manyan baƙaƙe, don kada wani ya zo da igiya bayan ba mu ya ce bango ya gaji. A ƙasa akwai wurin sa hannun wanda ya ba da awo. Ya miƙo mini biro, na ce ban san ta inda ake riƙe wannan ba. Sai na tsoma babban yatsana a gwangwanin baƙin fenti na danna. Ya ɗan yi girma, ya ci rabin sunan shugaban kwamiti, amma an bar shi haka.

Ya ce za a aika da kwafi ɗaya ofishinku. In ya iso, ki kai shi wannan durowar da hannunki, ki raba mu da zanen mayankar nan. Kuma ki ɗora shi a kan tsohon zanen, ba a ƙarƙashinsa ba.

Naki har kullum,
Kaka mai haska fim